Ƙwayar Da Suruki Ya Kawo

Shekarun baya, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, maigidana yana jan babbar mota tsakanin Maigatari da Damagaram. Mahaifiyata tana Ɗanzomo da wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya sayo mata wata farar ƙwaya cike da kwalba. Ni kuma uwar iyawa na zama likita: biyu da safe, biyu da yamma.

Bayan sati uku aka aiko in zo maza. Na tarar fuskarta ta kumbura har idanu sun shige, jiki duk ƙuraje, ga zafi kamar garwashi. Maƙwabta suka ce ƙyanda ce. Ashe ta daɗe tana jin ƙaiƙayi ta yi gum, don wa zai kushe kyautar suruki? Ni kuwa garin sauke zazzaɓi na mayar mata uku-uku. Wayyo ni!

A asibiti a Gumel likita ya jujjuya kwalbar ya ce, "Wannan ce, jininta bai karɓe ta ba. In ta ƙara haɗiyar ko ɗaya, sai dai wani ikon Allah." Fatarta ta yi ta saɓulewa, muka kwashe fiye da wata. Ranar sallama ta kama hannuna ta ce, "Ke, kada yaron nan ya ji. Alheri ya nufa." Na yi mata alkawari.

Ashe da sauran rina a kaba. Bayan 'yan watanni sai ƙishirwa da rama, kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari. Likita ya ce ciwon suga ne, wai bayan irin wancan rikici jiki kan juya ya yaƙi kansa. Allura ce kullum har ƙarshen rai. Ni da ake kamowa a ƙarƙashin gado ranar lambar rigakafi, ni ce na koyi dafa sirinji da binne kwalbar allura a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

Da damina tari ya dawo. Maigida ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya turo ƙunshi ta ƙarƙashin asabari.

"Inna, ga irin na bara, tunda an ji daɗinsa. A daure a sha yanzu."

"Allah ya yi albarka," in ji ta. "Ke, miƙo ruwa."

Na miƙa moɗa. Na zuba mata ido, ta kau da kai. Ta zazzage biyu a tafin hannu, ta yi bisimilla. Ban san lokacin da na buge hannun mahaifiyata ba, ƙwayoyin suka watse.

"Malam, ƙwayar nan ce ta kusa kashe ta! Ita ta jawo sugan nan!"

Maigida ya tashi ya fita, ko takalmi bai ɗauka ba. Mahaifiyata ta yi mako ba ta amsa gaisuwata. Shi kuwa daga ranar bai yarda kowa ya sayo allurarta ba, shi ke zuwa Kano da kansa har tsawon shekarun da suka rage mata.

Yanzu ko jikana ne ya miƙo mini magani sai na tambayi sunansa, kuma kunya ba ta hana ni cewa a'a. Har Inna ta koma ga Allah tana cewa na yi azarɓaɓi, wai a kumatu za ta ɓoye ƙwayoyin. Ni dai na san mahaifiyata. Da ta haɗiye.