Teburin Baba Saja

Har yau na kasa mantawa da ranar da na rubuta wa Baba Saja takardar tuhuma. Tunda ku sababbi ne a aikin kula da ma'aikata, gara ku ji daga bakina.

Lokacin ban cika wata huɗu ba ina jami'in kula da ma'aikata a ofishinmu na ƙungiyar manoma a Gwarzo. Baba Saja, wato Malam Sa'idu, tsohon soja ne mutumin Durun. A bakin daga ya rasa ƙafar hagu, da ta roba yake tafiya yana dogara sanda. Shi ke rajistar manoman da ke zuwa karɓar iri. Teburinsa yana can ƙuryar ɗaki, kujerarsa jingine da bango, sai ya ratsa tebur uku kafin ya kai.

Na dawo daga wata bita a Kano kan kyautata wa ma'aikata masu buƙata ta musamman, ina ɗokin gwada abin da na koyo. Ranar Asabar, ba kowa a ofis, na sa aka dawo da teburinsa dab da ƙofa, yana fuskantar taga. A ganina na rage masa wahala. Ina jin har godiya na sa rai.

Ranar Litinin ya shigo, ya tsaya yana kallon teburin. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya.

"Yallaɓai, gyara aka yi?"

"Saboda ƙafarka ne, Baba."

"Allah ya saka da alheri."

Ya zauna, ƙofa na bayansa, manoma na shige da fice. Kafin azahar ya ɗauki rajista ya koma gindin darbejiya a waje. Haka Talata, haka Laraba. In na yi magana ya ce, "To, yallaɓai," ya dawo, ba a jima ba ya sake fita. Ranar Alhamis ruwa ya sauko ba shiri, ya jiƙa shafi biyu na sunayen manoman garin Kara.

Takardar tuhuma ita ce a nemi ma'aikaci ya kare kansa a rubuce, sannan a sa ta a fayil ɗinsa. Baba Saja kwantiragin shekara-shekara yake yi, a watan nan kuma za a duba nasa. Mai tuhuma a fayil da wuya a sabunta masa. Na san haka. Na rubuta na yaga, na sake rubutawa. Wataƙila tsoro nake kada a ce sabon jami'i ya kasa riƙe ma'aikata.

Da hannu biyu ya karɓa. Washegari ya kawo amsa layi ɗaya: "Na yi kuskure, a gafarce ni."

Na kai wa Hajiya Rabi, shugabar ofis, takardar don ta sa hannu kafin a sa ta a fayil. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Aminu, wa ya matsar da teburin nan?"

"Ni ne, Hajiya. A bita aka ce mana..."

"A bitar aka ce kada a tambayi mai tebur?"

Ta sa aka kira shi. "Saja, gaya wa ɗanka abin da ka gaya mini ranar da ka kama aiki."

Ya juya sandarsa, ya dube ni.

"Yallaɓai, ƙafa ba ta dame ni ba, mun saba da ita. Baya ne. Ranar da abin ya same mu, ta baya aka zo mana. Tun daga nan, in mutum ya gifta ta bayana, biro ba ya tsayuwa a hannuna. Bishiya kuwa, in na jingina, na san ba mai fitowa daga cikinta."

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai don alheri ka yi. Kuma mu can a soja, in an ba da oda ba a tambayar dalili."

Na rasa inda zan sa idona. Hajiya ta turo mini takardar ba sa hannu. "Kai ka rubuta, kai ka san inda za ka kai ta."

A gabansa na yaga ta. Ni da kaina na ja teburin zuwa ƙurya, yana tsaye yana cewa, "Hagu kaɗan, yallaɓai. Yawwa." Shafukan da suka jiƙe kuwa ni na sake kwafe su. An sabunta masa kwantiragi.

Ban ce na gama sanin aikin nan ba. Abin da dai na ɗauka shi ne, kafin ku gyara wa mutum wurin zamansa, ku ja kujera ku tambaye shi. Ni ƙafar kawai na gani. Shi kuwa bai taɓa tayar da maganar ba, har yau yallaɓai yake ce mini, kuma wannan ya fi faɗa zafi.