Dillaliyar Da Ta Rufa Min Asiri

Kuloli sun cika min kabad, kuma babu ɗaya a cikinsu da na saya don ina so. Duk wadda ta shigo ɗakina a Gusau sai ta yaba, ni kuwa in na kalle su raina ɓaci yake yi.

Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara da shekaru wani Alhaji mai rumfar hatsi a Tsafe yake ba ni gyaɗa bashi da kaka, lokacin da take araha, in sarrafa in biya shi. Shekarar da maigidana ya kwanta asibiti, magani ya cinye jarin. Na biya Alhaji daga baya, ko kwabo bai bi ni ba, amma na makara ƙwarai. Da kaka ta zagayo na je, ya ce shi bai ƙi ni ba, sai dai in kawo wanda ya ba ni bashi bayan wancan, ya kuma ga na cika alkawari.

To wa zai ba ni? Labarin makarata ya riga ni shiga kowane gida. Uwar adashinmu ma da na yi mata magana sai ta hau ba ni labarin ciwon ƙafarta.

Mutum ɗaya ce ba ta gudun kowa: wata dillaliya 'yar Bungudu da muke kira Hajiya. Ba ta yawo da kaya. Albom take ɗauka a jaka, cike da hotunan kuloli, fulas, zannuwan gado da atamfofi. Ki nuna abin da kike so, ta kawo miki, ki riƙa biya kaɗan-kaɗan duk Juma'a. Kuɗin kayanta ya kusa ninka na kasuwa, kowa ya sani. Na ce ba komai, ai ba kula nake saye ba, shaida nake nema.

Na fara da saitin kuloli. Saitin da ya zo bai kai rabin na hoton kyau ba, murfin ɗaya ma sai an danne shi da gwiwa yake rufuwa. Duk da haka na biya. Na ɗauki fulas, na biya. Na ƙara wani saitin kuloli, na biya. Na ɗauki zanin gado mai zanen ɗawisu wanda ya yi zuba tun wankin farko, na biya. A lokacin aikatau nake yi a gidan wata maƙwabciya, ina matse mata tunkuzar gyaɗa tana ba ni lada, ni da a dā nake ɗaukar wasu matan aiki. Akwai Juma'ar da muka ci tuwo da miyar da ba ta ga mai ba, don kada Hajiya ta yi sallama ta tarar da hannuna wayam. Maigidana ya tambaye ni ko gidan abinci zan buɗe.

Da aka fara cirar gyaɗa na zaunar da Hajiya na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce za mu je Tsafe, ta gaya wa Alhaji cewa ta ba ni bashi sau da yawa, ban taɓa saɓa mata rana ba.

"Bar mani wagga magana, ɗiyata," in ji ta. "Ni na san abin da za ni hwaɗi."

Ni na biya mana kuɗin mota, har da na rake da ta saya a tasha.

Mun sami rumfar cike da maza: masu awo, 'yan dako, da baƙin da suka zo lodi. Bayan gaisuwa Alhaji ya dube ta ya ce, "Hajiya, an ce kina ba ta bashi. Yaya biyanta?"

Na ga ta waiga ta kalli mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara mayafi. A nan ne na tuna abin da ya sa mata suke sonta: a duk yawonta ba a taɓa jin ta ambaci sunan wadda take bi ba.

"Bashi? Allah shi kiyaye, Alhaji. Wagga ɗiyar gidan mutunci ta. Ba ta taɓa cin bashina ba, kuɗɗi hannu taka biya."

Na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafar, ta ƙara da rantsuwa.

Na buɗe baki na ce ba haka ba ne, wallahi bashi nake ci. Wani ɗan dako ya fashe da dariya. Ka ji mace tana rantsuwa a tsakiyar kasuwa cewa ita maciyar bashi ce, shaidarta kuma tana ƙaryata ta. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce cikin ladabi, "To madalla. Tunda akwai kuɗɗi hannu, ga gyaɗa nan, a auna maki ko buhu nawa kika so."

Ko na tiya biyu ba ni da shi.

A mota muna komawa na juya fuskata wajen taga, don in na fara magana ban san inda zan tsaya ba, ga ta kuma sa'ar mahaifiyata. Ita kuwa fuskarta fes. Mun kusa shiga Gusau ta dafa min gwiwa ta ce, "Kin ga yadda na ruhwa maki asiri gaban maza? Ko ɗiyar cikina iyakar abin da za ni yi mata ke nan."

Har zuciyarta take faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Sannan ta zaro albom ta ce an kawo sababbin kuloli masu ruwan gwal.

Gyaɗar shekarar ta yi tsada ina kallo. Kaskon suyata yana nan kife a bayan ɗaki. Kullum da safe nakan zuba ɗumame a ƙaramin kulan nan, in danne murfin da gwiwa, in tafi matse tunkuzar maƙwabciya.