Farantin Rumman da Na Mayar

A unguwar Ƙuba, can ƙasa mai tsarki, muke zaune ni da Inna, a hawan ƙasa na wani tsohon bene mai kallon gonar dabino. A hawa na uku akwai wata mata 'yar Afganistan, mijinta direban bas ne. Larabcinta guntu-guntu ne, amma duk saukowar da za ta yi sai ta leƙo ta gaida Inna, tana kiranta Hala, wato 'yar'uwar uwa.

Wata ranar sanyi cikin Disamba, na dawo daga makarantar da nake koyarwa ke nan bayan la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, riƙe da faranti: rumman ɓararre jajir, da yankakkiyar kankana, da zabibi.

"Yau yini ya fi gajarta, dare ya fi tsawo," in ji ta. "A garinmu zama muke yi tare mu ci wannan. Daga gobe rana za ta fara ƙaruwa."

A satin nan kuwa wata abokiyar aikina ta turo mana saƙo a waya, wai bikin wannan dare gadon masu bautar wuta ne. Ban bincika ba. Na tare bakin ƙofa, ko bismilla ban yi mata ba.

"Mu idi biyu muka sani," na ce mata da Larabcin aji, don ta ji nauyinsa. "Koma da abinki."

Ta dubi farantin, ta ce, "Malesh," wato ba komai, ta juya. Ina jin takunta har sama.

Inna na daga ɗaki ta ce, "Wa kika kora?"

Na faɗa mata, har da ɗan alfaharina. Ba ta yi min faɗa ba. Cewa ta yi in miƙo mata mayafi da sanda. Inna da ta yi wata biyu ba ta taka matakala ba saboda ciwon gwiwa, ta kama hawa tana hutawa. Na bi ta zan riƙe ta, ta janye hannunta.

Sai da aka kira isha ta sauko.

"Kin san abin da ya kawo ta?" in ji Inna. "Al'adarsu, a wannan rana gidan wanda ya fi kowa tsufa ake taruwa. Uwarta ta rasu da azumin bana, ko jana'iza ba ta samu zuwa ba. Ta duba duk benen nan, ni ce tsohuwa. Zama kawai ta zo yi, 'yar nan. Ni dai ban ga wuta a ɗakinta ba, darduma na gani."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari na tuƙa tuwo da miyar kuka na hau da shi. Ta tarbe ni da fara'a, ta dafa min koren shayi. Tun a matakala na shirya kalmomin ban haƙuri, amma da na zauna sai na kama zancen sanyi da cunkoson motoci. Ita ma ta taya ni.

Bayan 'yan watanni mijinta ya samu aiki a garin Yanbu. Na taya ta ɗaure kaya, muka rungumi juna a bakin mota, maganar dai ba ta fito ba. Inna takan kira ta duk Juma'a. In ta miƙo min wayar, sai in gaishe ta a gurguje in ce ina da takardun ɗalibai da zan duba.