Lansir ɗin Dutsen Baiyun

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na ci ganyen daji a Guangzhou. Lokacin ina zuwa saro takalma, kuma ni mutum ne da ko ruwan kwalba sai na duba murfinsa sau biyu.

Wata Lahadi na hau Dutsen Baiyun shan iska. A gefen wata 'yar ƙorama, ƙarƙashin bishiyoyi inda ƙasa ke da danshi, na ga wani ɗan ganye. Na murza na shinshina, sai ƙamshin lansir na gida. Na cika leda. A masauki na tsince shi tas yadda ake yi a gidanmu, na zubar da furanni da 'yan kwanson iri da saiwa, na wanke sau uku, na kwaɗa da ƙuli-ƙulin guzurina. Sai da na suɗe kwano tunani ya zo mini: wa ya ce lansir ne?

Na shanye madara gwangwani uku don karya guba, na ɗauki ragowar ganyen na nufi unguwar Tianhe, wurin wani malami Bazazzagi da ke ƙaro karatun tsirrai a jami'a.

Ya jujjuya shi. "Alhaji, ina furen?"

"Na zubar, Malam. Ai datti ne."

"To ka zubar da fasfonsa. Tashi ka nuna mini inda ya tsiro."

Haka muka koma dutsen, cikina yana ƙugi, ina ta kalmar shahada a kan matakala. Malam ya tsuguna ya nuna mini ɗan farin fure mai kunnuwa huɗu. Ya taɓa wani siririn kwanso, ya fashe, iri ya watsu.

"Ɗan'uwan lansir ne, na daji. Inuwa da danshi yake so. Ba ya kisa."

"To me ke murɗa mini ciki?"

"Me ka sha bayansa?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har sai da ya dafa bishiya. Kwana biyu madarar nan ta hana ni leƙa kasuwa.

Abin da na koya shi ne, taka-tsantsan ɗina duk a bayan loma yake zuwa. Yanzu kafin in tsinki ganye sai na dubi furensa da inda ya tsiro, na tambayi wanda ya sani.