Gadar da Inuwa Ya Karya Saboda Sabuwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. A ranar Alhamis, goma sha huɗu ga Sha'aban 1446, daidai da 13 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanmu Inuwa Shakir, mutumin Kura, direban tankar ruwa. Ciwon ƙirji ya kama shi a bakin aiki a unguwar Badi'a, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Washegari muka sallace shi, muka rufe shi a nan Riyad.

Ni, Alhaji Uba, shugaban direbobinmu Hausawa mazauna unguwar Ulaisha, da hannuna nake wannan rubutu. Shekara biyu da suka wuce ko sunana ba na iya rubutawa. Inuwa, kai ka ja ni ajin da ɗalibanmu na jami'a suke yi ranar Asabar, ka ce bai dace shugaba ya riƙa dangwala yatsa a gaban kafili, ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ba. Na ji haushinka a ranar. Yau ga abin da nake fara rubutawa mai tsawo, kuma ta'aziyyarka ce.

Shekara shida muna ɗaki ɗaya. Kai ne mai raka sabon zuwa neman iƙama, wato takardar izinin zama, kai ne mai tsayawa ka shayar da leburorin gini ruwan sanyi a tsakiyar rani ba tare da an roƙe ka ba. Amma abin da aka fi saninka da shi, wanda kuma na fi yi maka faɗa a kansa, shi ne finafinan soyayya na ƙauyukan Sin. Duk Juma'a, da an sauko daga masallaci an ci shinkafar kabsa, sai ka jingina wayarka da butar shayi ka zauna. Na sha ce maka wannan ba aikin dattijo ba ne, ga shi ko kalma ɗaya ta yarensu ba ka ji. Sai ka ce, "Alhaji, kuka ba ya neman tafinta. Dubi yadda matar nan take dashen shinkafa, wallahi kamar a fadamar Kura."

A hankali na fahimci abin da kake gani. Ba ka cika damuwa da waƙa ko ado ba. Kana duban yadda ake ɗaure dami, da hayaƙin murhu da safe, da tsohuwa mai bai wa kaji tsaba, da saurayin da zai ɗauki sati yana gyara wa yarinya shinge bai iya furta mata komai ba. Ka ce masu kunya irin wannan 'yan'uwanmu ne, sai dai nisa.

Na ƙarshen da kake kallo mai dogon zango ne. Da yake sunayensu sun gagari bakinka, ka raɗa wa mijin suna Zayyanu, matar kuma Biba. Zayyanu ya tafi birni aikin gini, ya bar Biba da gona da alkawarin zai dawo kafin girbi. Kowace Juma'a, in ka gama kashi ɗaya, sai ka naɗi muryarka ka aika wa matarka Sabuwa labarin a Kura, har da kwaikwayon kukan zakara. Haka kuka yi zama tare alhali teku na tsakaninku. Kai ma ka samu bizar fita da dawowa, kana shirin yin ƙaramar sallah a gida.

Kwana tara da rasuwarka Sabuwa ta aiko mini da saƙon murya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba Alhaji, roƙo ɗaya nake da shi. Malam ya bar ni a inda gada ta karye, Zayyanu yana can tsallake yana jiran ruwa ya janye. Sati huɗu ke nan yana jira. Don Allah ka duba mini ko ya iso gida."

Ni da na sha tsawatar maka, na ɗauki wayarka ranar Juma'a na jingina ta da butar nan. Na nemi gadar, Inuwa. Na koma baya kashi uku ina nema. Babu gada, babu ruwa. Abin da na gani shi ne wani baƙo ya sauka daga motar ƙauye da ƙullin kayan Zayyanu da takalmansa, ya ajiye a gaban Biba, ya sunkuyar da kai. Ka ga wannan tun sati uku kafin ajalinka, ka ƙi gaya wa matar da take ƙirga kwanakin dawowar mijinta. Kai ka karya gadar da bakinka.

Na yi kwana biyu ina jujjuya al'amarin. Mutanen da nake shugabanta sun san ba na ƙarya, amma kuma wane ne ni da zan warware abin da ka ƙulla don tausayi? A ƙarshe na ga mace mai takaba ta fi cancanta da gaskiya. Na gaya mata Zayyanu bai dawo ba. Na gaya mata mutanen ƙauye sun fito da laujensu sun taya Biba girbi, ta dafa sabuwar shinkafa, ta zuba kwano biyu, ta zauna a bakin shingen da ya gyara mata.

Amsarta ba ta da tsawo. Ta ce, "Na sani, Baba Alhaji. Ranar da ya ce gada ta karye bai yi mini kukan zakara ba. Na yi shiru ne don kada ya san na gane. So nake kawai in ji ko ta iya yin girbin."

Na ce mata ƙwarai, Biba ta yi girbinta.

Ya Allah, bawanKa Inuwa ya shayar da masu ƙishi a ƙasar da ba tasa ba, Ka shayar da shi daga Alkausara. Ka yafe masa kurakuransa, har da gadar da ya ƙirƙira don kada zuciyar matarsa ta karye. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa can ya fi masa nan. A madadin direbobin Ulaisha ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Hajiya Balaraba, da 'ya'yansa Amir da Hajar, da dukan mutanen Kura. Ke kuma Sabuwa, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya ba ki masu taya ki girbi, Ya haɗa ku a gidan da babu mai tafiya ci-rani. Amin.

Alhaji Uba
Ulaisha, Riyad