Ranar da Na Goge Tagar Motar Alhaji

Na manta abubuwa da yawa na zaman unguwar Nima, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya. Amma ranar da na ɗora dutsen guga a kan tagar motar Alhaji, wannan kam sai ƙasa ta rufe min ido.

A lokacin ni tela ne, 'yan shekaru bayan Gana ta samu 'yancin kai, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Mahaifiyata, Inna, ta tafi hajji ta ƙasa, a bayan motar goro, zaune kan buhu. Ranar tafiyarta na cika baki a gaban jama'a cewa in Allah ya dawo da ita, a ƙaramar mota za ta shiga Nima. Ni da ko keke ba ni da shi, in ba na ɗinki ba. Shekaru suka shuɗe, sai ga saƙo daga Kumasi cewa ranar Lahadi za ta sauka a tashar Circle.

Mota ɗaya ce a layinmu, ta Alhaji mai gidan da nake haya, wani attajirin goro. Daga hannun wani Bature mai komawa gida ya saye ta. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya in ana son shan iska, kuma a jikin tamfol ɗin ta baya akwai taga ta roba. Rana ta dafa robar har ta koma kalar man ja, ta tsage. Na je na durƙusa na roƙi aro.

Alhaji ya ce, "Zan ba ka har da direba. Amma ba a ɗauko Hajiya da wannan tagar. A kai wa masu gyara tukuna."

Na ce, "Alhaji, ai ɗinki ne. Ina cikin gidan nan za a kai ɗinki waje?"

Ya dube ni, ya ce to, amma in na ɓata masa mota, Inna a trotro za ta shigo kamar kowa, wato motar haya da ake cusa mutum da kaji. Direbansa, wani ɗan ƙabilar Ga da ya koyi Hausa a zango, unguwar Hausawa, ya sa baki da kalmar nan tasu ta kiran aboki: "Cale, wannan ba riga ba ne o. Roba yana da halinshi." Ko kallonsa ban yi ba.

Ranar Asabar da safe na sayo sabuwar roba a kasuwar Makola, fara tas kamar gilashi. Mai shagon ya ninke min ita, na danne a hammata har gida. A tsakar gida na sassauta tamfol ɗin, na farke tsohon ɗinki, na zana girman tagar da alli, na yanke, na bi da basilla da zare mai kaki. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau, har yau ba na janye wannan maganar. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: layin ninkin nan yana kwance a tsakiyar tagar. Kuma tun ina koyon aiki ban taɓa barin kaya su bar hannuna ba guga ba.

Matata na tace ƙullun koko, ta ga ina zuba garwashi a dutsen guga. Ta ce, "Malam, ka bar shi mana, rana za ta miƙar da shi."

Na ce mata kowa ya tsaya a kan sana'arsa. Na sa katako a ƙarƙashi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, wai ni mai dabara, na danna kamar yadda nake danna shadda. Wani wari ne ya fara gaya min labari. Da na ɗaga dutsen, robar ta biyo ƙyallen tana yauƙi kamar miyar kuɓewa. A tsakiyar tagar ga rami, tsini a gaba, faɗi a baya, ko makaho ya shafa zai ce dutsen guga ne. Matata ta shige ɗaki, na ji dariyar tana fita ta hanci.

Shaguna sun rufe, gobe kuma Lahadi. Sai na naɗe rufin baya, ramin ya ɓuya, na ce wa direba ai Hajiya a buɗe ya kamata a shigo da ita kowa ya gan ta. Har na yaba wa kaina.

Washegari muka cika tashar, Alhaji da kansa ya zo tarya. Inna ta sauko, ta rame, ta yi duhu, sai murmushin nan nata da bai canja ba. Ana cikin gaisuwa sai yayyafi ya sauko, kafin a ce me ya zama ruwa sosai. Alhaji ya ce a ɗaga rufi. Direba ya ɗaga, ya zagaya baya, ya tsaya cak. Fuskar Alhaji ta haɗe, na tabbata trotro ta kama mu.

Inna ta matso, ta ƙura wa ramin ido, ta bi gefensa da yatsa. Ta ce, "Alhaji, kada ka tambayi kowa, na san hannun nan. Irin wannan tambarin yana jikin zanen aurena tun yana koyon aiki."

Tashar ta ɗauki dariya. Alhaji ya cije, ya cije, shi ma ta kubce masa. Ya ce, "Albarkacin Hajiya. Amma ɗigo ɗaya kada ya taɓa ta. Kai tela, hau baya ka tare ramin da laima."

Haka na shiga Nima, zaune a kan bayan mota, cikin babbar rigata ta salla, jiƙe sharkaf, ina rufe ɓarnata da laima, mata na guɗa, masu shaguna na nuna ni. Da muka faɗa wani kwazazzabo na yi baya zan zame, sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Hannun Inna ne ya fito ta ramin. Ba ta sake ni ba har ƙofar gida. Rabona da jin hannun nan tun ranar da ta hau motar goro, kuma na yi kuka sosai, ruwan sama ya rufa min asiri.

Ranar Litinin aka kai motar wajen masu gyara, ni kuma zango ya laƙaba min Mai Guga har na yi furfura. Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya yamutse ne ke son wuta ba, kuma in matarka ta ce ka bari, ka ajiye dutsen ka saurara.