Sunan da Hajiya Ta Ƙi Faɗa

Har gobe ba zan manta da Alhamis ɗin da muka tashi sakin shirin kisan unguwar Shahuci ba. Muna da shirin fodkas, irin wanda ake saurare ta intanet, da ke bin tsofaffin kashe-kashen da aka rasa wanda ya yi su. Ni aikina tace murya: a naɗo hira, in yanke tari da ƙarar babur, in jera.

Wani tela aka kashe a shagonsa shekaru da dama da suka wuce, unguwa ta ɗora wa abokin aikinsa, Malam Habibu. Kotu ta sake shi, amma bakin mutane bai sake shi ba, ko ɗinki aka daina kai masa. Sai bana masu binciken kimiyya suka sake duba zanen yatsan da ya fito cikin jini a jikin almakashin da aka yi kisan da shi. Na'ura ta nuna na wani ne da ke gidan yari kan wani laifin.

Shugabarmu, Malama Rabi, haziƙa ce, sai dai a Turai ta tashi. Ita ta yi hira da Hajiya, mahaifiyar Habibu. Saura awa guda a saki shirin, ina sauraron ƙarshe, sai na ji muryar Malama tana cewa, "Zargin ya kai har mahaifiyarsa ba ta iya furta sunansa." Na tsayar da sautin.

Na ce, "Malama, wannan layin fa?"

Ta ce, "Saurari hirar mana. Tun farko har ƙarshe 'wannan yaron', 'shi ɗin'. Ai ta sallama shi."

Na ce, "Ɗan farinta ne, kunya ce. Ni ma Innata ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, ga shi har da furfura."

Malama ta dafe kai. Da an saki haka, da Shahuci ta ce ko uwarsa ta guje shi. Mu da muka zo wanke shi, mu ne za mu sake shafa masa kashin kaji. Nan take ta sake naɗar wurin, na haɗa.

Washegari Hajiya ta bugo waya. Ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Yau shi ɗin a sahun gaba ya yi sallah, har liman ya ba shi hannu." Sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Ku sababbin shiga aikin nan, ku riƙe wannan: na'ura ta iya karanta yatsa, amma abin da tsohuwar cikin birni ta ƙi faɗa, ku tambayi ɗan gari kafin ku fassara mata shi.